Yadda Ake Karanta Wutsiyar Fayil, a Sabunta Antibirus Ba Tare da Intanet Ba, a Kuma Wanke Kile

Wannan bayani na wanda aka damƙa wa kwamfutar aiki ne, ko a sibar, ko a shagon buga takardu da fotokopi, ko a ofishin makaranta, duk dai inda kile (wato ɗan ma'ajin fayiloli na USB) kala-kala ke shiga kwamfuta guda tun safe har la'asar. A Maradi irin wannan kwamfuta ba ta cika ganin intanet ba sai an jona ta da wayar mai shago. Lokacin da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke buga kundin kammala karatu kuwa, kile ɗaya kan zaga shaguna da dama kafin a haɗa takardun, ya kwaso na nan ya kai can. Abu biyu ke kare irin wannan kwamfuta: mai aiki ya iya karanta ƙarshen sunan fayil, sannan fayilolin bayanan da antibirus ke aiki da su su zama na kwanan nan. In ɗaya ya rasa, ɗayan ba ya isa.

Wutsiyar fayil ita ce haruffan da ke bayan ɗigo na ƙarshe a sunansa, kamar .pdf ko .exe. Da ita Windows ke yanke abin da zai yi idan an danna fayil sau biyu: ya buɗe shi a karanta, ko ya sake shi ya yi aiki a matsayin manhaja.

Kayan aiki

- Kwamfutar da za a yi wa aikin, da asusun da ke da ikon administrateur. Ba tare da shi ba, rabin umarnin da ke ƙasa ba za su shiga ba.
- Kile guda mai tsabta, giga 2 ma ya isa, wanda ba a ba kowa aro. In ka samu katin SD mai ɗan makulli a gefe da abin karanta shi, ya fi, domin idan ka kulle shi birus ba zai iya rubuta kansa a ciki ba.
- Wata kwamfuta mai lafiya ko wayar Android mai intanet, da mega 300 aƙalla.
- Kebul na waya, ko ɗan mahaɗin OTG da ke jona kile da waya.
- Takarda da biro na rubuta lambobin sigar bayanai kafin aiki da bayansa.
- Caji. In kwamfutar tebur ce ba ta da ondilar, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, kada ka fara sabuntawa a lokacin da ake wasa da wuta.

Sunayen menu na Faransanci zan bi, tun da su ne a yawancin injinanmu. Kwamfutocin da ke shigowa ta Jibiya da Dan Issa kan zo da Windows na Ingilishi. Wurin dannawa ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta.

1. Fito da wutsiyar a fili

Windows na zuwa ne da wutsiyoyi a ɓoye, kuma masu birus sun daɗe suna cin moriyar hakan. A watan Mayun 2000 birus ɗin ILOVEYOU, wanda ya taso daga ƙasar Filifin, ya yaɗu da fayil mai suna LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Windows ya ɓoye .vbs ɗin, mutane suka ga .TXT suka ɗauka wasiƙa ce. Har yau dabarar tana ci.

A Windows 10, buɗe Explorateur de fichiers, shiga Affichage, ka sa alama a Extensions de noms de fichiers da kuma Éléments masqués. A Windows 11 sai ka danna Afficher, ka sauka ƙasa zuwa Afficher na biyu, nan za ka same su. A Windows 7 hanyar ita ce Organiser, Options des dossiers et de recherche, Affichage, sannan ka cire alamar da ke kan Masquer les extensions des fichiers dont le type est connu.

Daga nan ka mai da kallon fayiloli zuwa Détails, don ginshiƙin Type ya fito. Wannan ginshiƙin na da muhimmanci domin akwai wutsiyoyin da Windows ba ya nunawa ko ka yi duk abin da na faɗa, musamman .lnk ta rakursi (ɗan fayil mai kibiya da ke kai ka ga wani fayil ko dosiye) da .pif. Su sai ta Type za ka gane su.

Gargaɗi ga sabon hannu: da zarar wutsiya ta fito, in ka zo sake wa fayil suna kana iya goge ta ba ka sani ba, fayil ya koma fari ya ƙi buɗuwa. Bai lalace ba. Mayar masa da wutsiyarsa kawai.

2. Koyi raba su

Ba sai ka haddace ɗaruruwa ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane fayil: wannan karanta shi ake yi, ko shi ne ke ba kwamfuta umarni?

Masu ba da umarni kai tsaye su ne .exe, .com, .scr, .pif, .msi, .bat, .cmd, .vbs, .vbe, .js, .jse, .wsf, .hta, .jar da .lnk. Akwai kuma .ps1 ta PowerShell (tagar rubuta wa Windows umarni), da .reg da ke sauya rajistar Windows. Wanda ya kawo takarda a buga masa ba shi da abin yi da ko ɗaya daga cikinsu. In ka gan su a kile ɗin da aka ce takardun makaranta ne kawai a ciki, kada ka danna, kuma kada ka bar mai kile ya miƙo hannu ya danna.

Sai masu fuska biyu. Fayil ɗin .docx da .xlsx ba sa ɗaukar makro, wato ƙananan umarnin da ke aiki a cikin Word da Excel, amma .docm da .xlsm suna ɗauka, haka ma tsofaffin .doc da .xls. Tun 2022 Office ke toshe makro a fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, sai dai shaidar da ke nuna cewa daga intanet ya fito tana zama ne a diski mai tsarin NTFS. Yawancin kile FAT32 ne ko exFAT, saboda haka da fayil ya bi ta kile shaidar ta goge, toshewar kuma ba za ta yi aiki ba. In Word ya nuna maka layin rawaya yana neman ka danna Activer le contenu, rabu da shi. Takarda na buguwa ba tare da shi ba. Su kuwa .zip, .rar, .7z da .iso jaka ce kawai, abin da ke ciki shi ne abin dubawa. Wanda aka kulle da kalmar sirri antibirus ba ya ganin cikinsa sai an kwance.

Dabarun ɓoyewa uku ne za ka fi cin karo da su. Na farko wutsiya biyu, kamar releve_notes.pdf.exe, ta ƙarshe ita ce gaskiya. Na biyu a jera sarari mai tsawo tsakanin sunan da wutsiyar gaskiya har ta fita daga gani, sai ka faɗaɗa ginshiƙin suna. Na uku, wanda ya fi kama mutane, fayil ne mai hoton dosiye mai ruwan ɗorawa, da sunan dosiyen mai kile, amma Type ya ce Application maimakon Dossier de fichiers. Hoton da ke kan fayil ba hujja ba ne, duk mai haɗa manhaja yana iya manna wanda ya ga dama.

Akwai kuma waɗanda ke tsorata sabon shiga alhali ba su da laifi: System Volume Information, $RECYCLE.BIN, desktop.ini, Thumbs.db, da ƙananan fayilolin da ke farawa da ~$ waɗanda Word ke ajiyewa lokacin da takarda ke buɗe. Dosiye mai suna FOUND.000 da fayilolin .CHK a ciki ragowar gyaran diski ne, yawanci bayan an zare kile ba a cire shi ta hanyarsa ba.

3. In kana shakka, leƙa cikinsa

Sake wa fayil wutsiya ba ya sauya abin da ke cikinsa. Buɗe Bloc-notes tukuna, sannan ka jawo fayil ɗin ka saka a cikin tagarsa, ban da danna shi sau biyu. Za ka ga tarkacen rubutu, amma haruffan farko kawai kake nema. MZ na nufin manhajar Windows ce, ko da sunan ya ce .jpg. PDF na gaskiya yana farawa da %PDF. PK na nufin zip, kuma .docx, .xlsx da .apk duk da PK suke farawa domin a asali zip ne. Rar! na RAR ne. Kada ka adana komai idan za ka rufe, kuma kada ka gwada wannan da bidiyo mai nauyi, Bloc-notes zai daskare.

In rakursi ne, danna ɓangaren dama na linzami, Propriétés, ka karanta abin da ke gurbin Cible. Rakursin da ke kiran cmd.exe, wscript.exe, rundll32.exe, mshta.exe ko powershell alhali sunansa na dosiyen hotuna ne, birus ne, babu wata tantama.

4. San fayilolin antibirus ɗinka

Antibirus kashi biyu ne: inji mai bincike, da kundin alamomin birus da injin ke dubawa. Kamar mai gadi ne da aka ba hotunan ɓarayi. In hotunan na bara ne, ɓarawon bana zai gaishe shi ya wuce. Sababbin antibirus suna kuma tambayar uwar garken kamfaninsu ta intanet game da fayil ɗin da ba su gane ba, amma kwamfutar da ba ta da intanet ba ta da wannan gata, kundin da ke kan diskinta shi ne duk abin da take da shi.

Na Microsoft Defender, wanda ke zuwa cikin Windows 10 da 11, yana nan:

C:\ProgramData\Microsoft\Windows Defender\Definition Updates

A ciki akwai dosiye mai dogon suna na lambobi da haruffa cikin baka. Can za ka ga mpavbase.vdm da mpasbase.vdm, su ne manyan tushe guda biyu, sai mpavdlta.vdm da mpasdlta.vdm, ƙarin da ke sauyawa kullum, sai mpengine.dll, shi ne injin. A allon dannawa na AZERTY, karkatacciyar sandar da ke cikin adireshin tana fitowa da AltGr da 8.

Sauran kamfanoni kowa da nasa. Avira .vdf, Dr.Web .vdb, Kaspersky .kdc da tsohuwar .avc, ESET na karɓar sabuntawa a fayilolin .nup. McAfee na amfani da .dat irin su avvscan.dat, avvnames.dat da avvclean.dat, Trend Micro kuma fayil mai suna lpt$vpn da lamba a matsayin wutsiya. ClamAV, wanda kyauta ne kuma sashen Talos na kamfanin Cisco ke kula da shi, yana da main.cvd, daily.cvd da bytecode.cvd. Idan manhajarsa freshclam ta ɗora ƙaramin ƙari mai wutsiyar .cdiff a kan daily.cvd, sai ya koma daily.cld, ba lalacewa ba ce.

Dalilin sanin waɗannan a aikace biyu ne. Masu neman wuri a diski kan jera fayiloli bisa girma, su ga .vdm ko .vdf mai nauyi su goge, daga nan antibirus ya makance. Sannan kundin wani kamfani ba ya aiki a antibirus na wani, kuma ko na kamfani ɗaya ne ba a kwafar .vdm daga wata kwamfuta a zuba da hannu. Wutsiyar .dat kuwa ta kowa ce, ɗaruruwan manhajoji na amfani da ita, saboda haka dosiyen da fayil yake ciki ne zai gaya maka na wane ne.

5. Duba shekarun kundin

Koren alama a ƙasan allo ba ta isa shaida ba. Buɗe Sécurité Windows, Protection contre les virus et menaces, ka gangara wurin Mises à jour de la protection. Za ka ga lambar siga da ranar da aka fitar da ita. Rubuta su. Hanya mafi sauri ita ce PowerShell:

Get-MpComputerStatus

Nemi AntivirusSignatureAge, wanda ke ba da adadin kwanaki, da AntivirusSignatureVersion, da RealTimeProtectionEnabled wanda ya kamata ya ce True. Microsoft na fitar da sabon kundi sau da yawa a kowace rana. A ganina, kwamfutar shago da ke karɓar kile ɗin jama'a kada ta wuce mako guda ba a sabunta ta ba.

In kundin ya tsufa alhali ana jona intanet jefi-jefi, ga inda matsalar kan ɓuya. Agogon kwamfuta ya koma baya saboda ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon uwa ya mutu, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutoci na hannu. Da kwanan wata mara daidai haɗin tsaro da uwar garke ba ya ƙulluwa. Ko an sa haɗin a kan Connexion limitée don tattalin mega, shi kuwa Defender ba ya sauke kundi da kansa a irin wannan haɗi. Ko kuma akwai wani antibirus na gwaji da wa'adinsa ya ƙare: ya daina sabuntawa, amma wani lokaci zamansa kan hana Defender aiki. Wannan shi ne mafi muni, domin mai shago yana ganin tambarin antibirus yana zaton a tsare yake. Cire shi gaba ɗaya, ka sake kunna kwamfuta, Defender zai dawo. Antibirus ɗin Smadav da ake yawan sakawa a nan, masu shi da kansu a matsayin kariya ta biyu suka yi shi, ba madadin babban antibirus ba.

6. Sabuntawa ta kile

Da fari ka tabbatar ko Windows ɗin 64 ne ko 32: Paramètres, Système, shafin bayanin kwamfuta, layin Type du système.

A na'urar da ke da intanet, shiga microsoft.com/wdsi/defenderupdates, ka gangara zuwa jadawalin saukewa da hannu, ka zaɓi layin Microsoft Defender Antivirus na Windows ɗinka, 64 ko 32. Fayil ɗin sunansa mpam-fe.exe, nauyinsa ya haura mega 100, kuma yana ɗauke da injin da kundin baki ɗaya. Waya na iya sauke shi ko da ba za ta iya buɗe shi ba. Za ta yi gargaɗi, ka amince, sannan ka kai shi kwamfuta ta kebul ko OTG. Kada ka karɓe shi ta WhatsApp ko daga wani shafi na daban.

Kafin ka kunna shi, danna dama, Propriétés, Signatures numériques, ka ga sunan Microsoft Corporation, sannan Détails ya ce sa hannun ingantacce ne. In shafin sa hannun babu shi sam, ko dai saukewar ta yanke a hanya, ko wani birus mai kama fayilolin .exe ya taɓa shi. Goge shi ka sake saukewa.

Kwafe shi daga kile zuwa tebur, danna dama, Exécuter en tant qu'administrateur. Nan mutane ke ruɗewa: babu tagar da za ta buɗe, babu saƙon cewa an gama. Jira minti biyu zuwa biyar, ka koma mataki na 5 ka gwada lambar da wadda ka rubuta. In ta ƙaru, ya shiga. In ba ta motsa ba, ko ka ɗauko na 32 wa mai 64, ko fayil ɗin ya fi kundin da ke ciki tsufa, ko Defender a kashe yake. Wasu Windows ɗin da aka rage wa nauyi, waɗanda masu gyara ke sakawa a ƙananan injina, an cire musu Defender ɗungurungum. Su sai dai a sake saka Windows cikakke.

Fayil guda na isar kwamfutoci da yawa. Shagunan da ke layi ɗaya na iya karɓa-karɓa, wannan ya sauke a makon nan, wancan mako mai zuwa, muddin kowa zai duba sa hannun kafin ya kunna.

In intanet ɗin ya samu na ɗan lokaci, wannan umarnin a Invite de commandes (baƙar tagar rubuta umarni) na administrateur yakan sauke ƙarin kawai in kundin bai tsufa sosai ba, ba ya cin mega da yawa:

"C:\Program Files\Windows Defender\MpCmdRun.exe" -SignatureUpdate

Kundi ma kan zo da aibi. A watan Afrilun 2010 McAfee ya fitar da DAT mai lamba 5958 wanda ya ɗauki svchost.exe, fayil na Windows kansa, a matsayin birus, kwamfutoci masu Windows XP SP3 suka riƙa mutuwa suna tashi. In bayan sabuntawa Defender ya fara kama abin da bai kamata ba, ko kundin ya lalace saboda ɗaukewar wuta, MpCmdRun.exe da -RemoveDefinitions na mayar da shi kan na baya, in ka ƙara -All ya share duka. Sai ka kashe Protection contre les falsifications na ɗan lokaci kafin umarnin ya shiga, ka kuma tabbatar mpam-fe.exe na hannunka, don kada ka bar kwamfutar tsirara.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma kundin Defender nasa zai ci gaba da fitowa har Oktoba 2028. Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka sallame shi. Ga irinsa, ko ga kwamfutar da antibirus ɗinta ya ƙi tashi, yi amfani da masu bincike na tafi-da-gidanka da ke zuwa da kundinsu a ciki: Kaspersky Virus Removal Tool, Dr.Web CureIt!, ko Microsoft Safety Scanner mai suna MSERT.exe. Shi wannan na ƙarshe kwana 10 yake yi bayan saukewa ya daina aiki. Dukansu bincike suke yi su tafi, ba sa tsaron ƙofa.

7. Gwada ko a farke yake

Akwai fayil na gwaji mai suna eicar.com, harafi 68 ne kacal, ba ya cutar da komai, kuma kamfanonin antibirus sun amince su riƙa kama shi. Ana samunsa a eicar.org. Sauke shi da waya, ka kwafa zuwa kwamfutar. Defender mai lafiya zai cafke shi nan take da sunan Virus:DOS/EICAR_Test_File. In ya zauna lafiya a kan tebur, tsaron kai-tsaye a kashe yake, ko wani ya saka wurin a cikin Exclusions, wato jerin abubuwan da aka ce Defender kada ya bincika. Leƙa jerin Exclusions ɗin. Manhajojin sata kan saka C:\ gaba ɗaya ko wutsiyar .exe a ciki. Cire duk abin da ba kai ka saka ba. Gwajin nan farkawa kawai yake nunawa, ba ya nuna sabuntar kundi.

8. Wanke kile mai rakursi

Alamarsa sananniya ce: mai kile ya ce takardunsa sun ɓace, ko duk dosiyoyinsa sun koma masu ƴar kibiya a ƙasa, amma kile na nuna a cike yake. Takardun na nan, ɓoye su aka yi. Tun da Windows 7 ya daina bin umarnin autorun.inf a kan kile, bayan ɓarnar da birus ɗin Conficker ya yi daga 2008, masu birus suka koma wa rakursi, su bar mutum ya kunna musu da hannunsa.

Kada ka fomata, kada kuma ka danna komai a ciki. Duba harafin kile, a ce E ne. Danna dama a kansa ka sa Defender ya bincike shi. Bayan haka buɗe Invite de commandes ka bi wannan jeri:

dir /a E:\
del E:\*.lnk
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Na farko yana nuna komai har da na ɓoye, na biyu yana goge rakursin, na uku yana cire wa fayiloli alamar ɓoyo da ta tsari. Tabbatar da harafin sau biyu. Attrib a kan C: zai tone fayilolin Windows da bai kamata a taɓa ba. A kile mai fayiloli da yawa yakan ɗauki mintoci ba tare da ya nuna komai ba.

Yanzu buɗe kile. Goge duk wani .vbs, .vbe, .js, .bat ko .exe da mai shi bai sani ba. In ka ga dosiye marar suna, buɗe shi, birus irin su Gamarue can suke tura takardun mutum. Fito da su waje.

In rakursin sun dawo bayan daƙiƙu kaɗan, to kwamfutarka ce ke ɗauke da cutar. Zare kile. Buɗe Gestionnaire des tâches, ka tsayar da wscript.exe in yana aiki. Danna maɓallin Windows da R, rubuta shell:startup, ka goge baƙon fayil da ke wurin, sannan ka yi haka a %temp% da %appdata%. Duba shafin Démarrage ka kashe abin da ba ka gane ba. Daga nan ka sa binciken hors ligne na Defender, wanda ke sake kunna kwamfuta ya yi bincike kafin Windows ya tashi. Kimanin minti 15 yake ɗauka, kuma da kundin da ka sabunta yake aiki, shi ya sa mataki na 6 ya riga wannan.

9. Ɗakin killacewa

Abin da antibirus ya kama ba ya goge shi nan take, yakan juya rubutun cikinsa ya kulle. Avira na ajiye shi da wutsiyar .qua, Symantec .vbn, McAfee .bup, Bitdefender .bdq, Kaspersky .klq, ESET .nqf. Defender nasa ba su da wutsiya, suna cikin dosiyen Quarantine kusa da Definition Updates, kuma bisa tsarin asali bayan kwana 90 yake share su. Kwafo fayil daga can ka sake masa suna zuwa .docx ba zai buɗe ba. Ta cikin antibirus ɗin kaɗai ake fito da shi: Historique de protection, zaɓi abin, Actions, Restaurer. Saboda haka kafin ka cire tsohon antibirus, duba ko akwai takardar wani a killace, domin tana iya tafiya tare da shi.

Karanta sunan da aka ba abin kafin ka yanke hukunci. Worm:VBS/Jenxcus na cikin masu rakursi, goge shi. Virus:Win32/Sality, Virut da Ramnit suna shiga cikin fayilolin .exe masu lafiya, saboda haka duk manhajar da ke kan wannan kile a zubar da ita, takardu da hotuna kawai za a ceta. Ramnit har shafukan .html yake kamawa. HackTool:Win32/AutoKMS kayan kunna Windows ko Office na sata ne, kuma ta irin wannan ƙofa manyan birus ke shigowa. Sunan da ya ƙare da !ml hasashen na'ura ne, wani lokaci yakan kama mai gaskiya.

Don tantancewa akwai virustotal.com, inda antibirus sama da 60 ke duba fayil guda. Amma abin da ka ɗora can masu bincike na iya saukewa, don haka takardar haihuwa, kwangila ko jerin albashin wani ba sa zuwa can. Maimakon haka ciro lambar shaidar fayil ɗin ka nema da ita:

certutil -hashfile sunanfayil.exe SHA256

10. Idan duk fayiloli sun samu baƙuwar wutsiya

In ka tarar memoire.docx ya koma memoire.docx da wasu haruffa huɗu marasa ma'ana a baya, hotuna da komai haka, kuma kowane dosiye da _readme.txt mai neman kuɗi da dalar Amurka, wannan birus ɗin garkuwa ne na dangin STOP/Djvu, wanda ya fi shigowa ta manhajojin sata. WannaCry na watan Mayun 2017 shi .WNCRY yake mannawa. Attrib ba ya magani a nan, goge baƙuwar wutsiyar ma ba ya yi, domin cikin fayil ɗin aka kulle.

Cire intanet, zare duk wani kile da diski na waje. Kada ka goge fayilolin da aka kulle ko takardar neman kuɗin. Daga wata na'ura, kai takardar da fayil guda marar sirri shafin ID Ransomware ko nomoreransom.org, wanda Europol da ƴan sandan Holan da kamfanonin Kaspersky da McAfee suka buɗe a 2016, su gaya maka irinsa da ko akwai mabuɗi na kyauta. Na STOP/Djvu, Emsisoft na da manhajar kwancewa, amma ga sababbin nau'o'insa tana aiki ne kawai idan birus ɗin ya yi kullen lokacin da bai samu intanet ba, kuma an riga an gano mabuɗin wannan nau'in. In babu mabuɗi yau, kwashe fayilolin a wani diski ka ajiye, ka fomata kwamfutar ka sake saka Windows. Kalmomin sirrin da aka taɓa adanawa a burawuzarta, na Facebook da imel da sauransu, a sauya su daga wata na'ura, domin wannan dangin kan zo tare da mai satar su.